Gatari da Ƙafar Yaya Yahuza

"Kar ka ƙara kira na sahibarka!"

Bara'atu ta faɗa tana huci, ta wurga masa rigar ƙwallon da ya ba ta kyauta, nan ƙofar gidansu da ke Gwaram.

Wanda ake wa tsawar nan fa Bahauddeen ne, Baha Gatari ɗan Birnin Kudu, mai tsaron baya a wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta kudancin ƙasar nan. Jan kati goma sha ɗaya ya tara a shekara shida. Rabin 'yan kallo na yi masa kirari, rabi na tsine masa a rediyo, shi kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

"Bara'atu, ki saurare ni..."

"In saurari me? Wasan Sallah ne fa, na sada zumunci tsakanin Gwaram da Birnin Kudu! Hutu ka zo, wa ya aike ka shiga? Saura wata biyu aurenmu, ka karya min yaya!"

"Ƙwallo na fara taɓawa."

"Ƙwallo!"

"Wallahi ƙwallo na fara taɓawa. Katina goma sha ɗaya, goma duk na cancanta, ban musa ba. Amma na sha ɗayan, takun da na yi wa yayanki Yahuza, babu laifi a ciki."

"To shiga ka ce wa Baba ka yi kuskure. Iyakar abin da ya nema ke nan."

"Ba zan amsa laifin da ban yi ba."

"Ko a kaina?"

Ya kawar da kai.

Kawar da kan nan ya fi mari zafi. Ta juya ta shige gida, ko waiwaye ba ta yi ba.

Mako uku Yaya Yahuza na kwance, mai ɗori daga Basirka ya ɗaure masa ƙafa da karare. A nan Ashiru ya samu ƙofa. Ɗan kawun Bara'atu ne, shekara biyu yana bin ta tana ƙi. Shi ya ɗauki wasan a waya, ya yanke ya bar daidai inda takalmin Baha ke sauka a ƙaurin Yahuza, ya yaɗa wa gari. Kullum sai ya zo dubiya da kankana, ya zauna gaban mahaifinta, Malam Sanda, yana girgiza kai kamar shi aka karya.

"Allah dai ya raba mu da mugun suruki, Baba."

Haushin kowa Bara'atu ke ji. Babban abin takaicin kuma, har yanzu tana son Baha.

Malam Sanda ya yanke magana: ranar Juma'a za a mayar da lefe Birnin Kudu.

Da hantsin Juma'a aka jera akwatuna a tsakar gida, Ashiru har da naɗe hannun riga zai taya ɗauka. Sai muryar Yahuza ta fito daga ɗaki.

"Baba... a dakata."

Kowa ya tsaya.

"Ƙwallo Baha ya ɗauka. Ni ne na makara na cusa ƙafa. Ashiru ya sani, ai gabaɗayan wasan na cikin wayarsa."

Inna ta saki salati.

Bara'atu ta faɗa ɗakin. "Yaya! Mako uku kana kallo ina kuka, me ya hana ka faɗa?"

"Haushi," in ji Yahuza, kansa a ƙasa. "An kwantar da ni a gaban mutanen garinmu."

Kafin Baba ya waiga, Ashiru ya sulale. Aka aika Birnin Kudu a kira Bahauddeen, don an ji ya dawo gida a makon nan.

Bayan la'asar ya iso. Kowa na ganin magana ta ƙare, ban da Bara'atu. A zaure ta tare shi, idanunta jajir.

"An wanke ka ko? To ni ban wanke ka ba!"

"Bara'atuna..."

"Ina bakin filin nan da ƙawayena, da idona na gani! Yayana na birgima a ƙasa, ka juya baya ka fice. Ka zo har ƙofar gidan nan ka tsaya musu da ni, amma leƙa shi ka ce sannu ya gagare ka!"

Ya jingina da bango.

"Na ji ƙarar ƙashin, Bara'atu. Har yau ina jin ta. Na koma ƙungiya, duk wanda ya taho da ƙwallo sai in janye ƙafa. Wasa biyu ke nan koci na ajiye ni a benci."

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro nake ji in ga abin da ƙafata ta yi masa."

"Kai? Tsoro?"

"Ni."

Tausayi ya taso mata, ta danne shi da ƙyar, don ba ta gama ba.

"To wannan shi ne laifinka. A kansa za ka ba da haƙuri, in ba haka ba wallahi ga akwatunanka can, ka kwashe!"

Baha ya tuɓe takalmi. Ya ratsa tsakar gida ya gaida Inna, ya shiga ɗakin ya durƙusa gefen tabarmar Yahuza, Malam Sanda na zaune yana kallo. Da idonsa ya sauka kan kararen nan, sai hawaye.

"Yahuza, na gudu na bar ka a ƙasa. Ka yafe min."

Bara'atu ta jingina da ƙyaure, ta toshe baki da mayafi.

Malam Sanda ya yi gyaran murya. "A mayar da akwatunan nan ɗaki."

Yahuza ya harari Baha, harara mai kyau, sannan ya miƙa masa hannu.

"Kama ni in zauna, suruki. Mako uku ke nan ina jira ka ɗaga ni."