Fitilun da Shafi'u Ya Ɗaga Sama

"Ka sa a mayar da su inda suke."

Bushira ce ta faɗa, tana tsaye a bakin garejin Andrawus da ke bayan tasha a Birnin Gwari, ƙaurin walda na shiga gyalenta. Shafi'u, wanda magabatansa za su je ƙauyen Kazage neman aurenta ranar Asabar, ko waiwayowa bai yi ba. Motarsa yake kallo, irin kallon da bai taɓa yi mata ba.

Tsohuwar akori-kurar mahaifinsa ce, fara, wadda ta tsufa a dakon masara. Ya sa an kwance ragar gabanta, an ɗaura wata baƙa mai kaurin ƙarfe da ya sayo a Kaduna. Sabuwar ragar ta toshe gurbin fitilun hazo, ƙananan nan biyu na ƙasan bamba, sai ya sa Andrawus ya ja waya ya kafa su can saman gilashi. A ƙasa suke haska hanya. A sama idon mutane kawai suke cikawa, kuma abin da Shafi'u yake nema ke nan.

"Haba zinariyata... dube ta fa. Wa zai ce motar masara ce?"

"Ba wanda zai ce. Abin da ke damuna ke nan."

Ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ya girma a cikin gari. Motar ta koma sak ta jami'an tsaro. A Kazage kuwa, duk gidan da irin wannan mota ta tsaya a ƙofarsa, kafin la'asar labari ya isa daji wurin 'yan bindiga cewa mai gidan infoman jami'an tsaro ne. Da lallaɓawa suke noma, kuma masarar Baba ta fara fitar da goyo.

Ya yi dariya, ya ce tsoron ƙauye ne ya bi jininta. Zakiyya, 'yar kawunta da ta rako ta, ta shafa baƙar ragar da yatsa, ta ce ita kam namiji mai kwarjini take so, ba mai raɓe-raɓe ba. Cikin duk maganganun da aka yi a garejin, wannan kaɗai ta shiga kunnen Shafi'u.

Malam Bakoji, mahaifin Bushira, da ya ji labarin motar, ya aika masa cewa su zo a kan babura kamar kowa. Shafi'u ya rantse haka za a yi.

Ranar Asabar da hantsi ya shigo Kazage da motar, baffanninsa a ciki, fitilun sama a kunne, alhali rana na haska masa hanya kyauta. Mata suka ja ƙofofi. Manoma suka kwanta cikin shuka. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har da danna ham. Ya tsaya daidai ƙofar Malam Bakoji, ya fito yana gyara hula.

Baƙo baƙo ne. Tsohon ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, ya saurare su, ya ce zai yi shawara. A bakin rijiya aka tambayi Zakiyya motar waye. Ta san amsar sarai. Ta ce ita ba ta sani ba, amma dai ba ta yi kama da ta 'yan kasuwa ba.

Ba a jima ba wani mai babur da ya naɗe fuska ya tsaya a bakin kasuwa yana tambayar ina gonar Bakoji take. Malam Bakoji da iyalinsa ba su jira tambaya ta biyu ba. Suka ɗauki abin da kai zai iya ɗauka, suka bar gida da gona, suka tare a ɗaki guda a gidan gwaggon Bushira a Birnin Gwari. Tsohon da bai taɓa cin tuwon wani ba ya koma zama a zaure yana kallon ƙafafunsa.

A nan Shafi'u ya sami Bushira bayan wasu makonni. An mayar da tsohuwar raga, fitilun sun sauko ƙasan bamba. Ya nuna mata da hannu biyu, kamar wanda ya gina masallaci.

"Kin gani, hasken idona? Duk na cire. Saboda ke."

Ta kalli motar, ta kalle shi.

"Sannu da ƙoƙari."

Ya ce shi bai sani ba, sharrin shaiɗan ne, kuma Zakiyya ce ta zuga shi. Ya ce ba ya iya barci, ba ya iya cin abinci, ko da yake kumatunsa ba su tabbatar da hakan ba. Ya ce ta faɗi duk abin da take so, ko ransa ne, zai bayar.

"Ba na son ranka, Shafi'u. Masarar Baba ta nuna, tana can a tsaye. Ga mota ta koma motar masara. Je ka kwaso mana."

Ya dubi hanyar da ta nufi Kazage, inda itatuwa suka haɗe kai. Ya sunkuya ya danna tayar gaba da babban yatsa.

"Wallahi... tayoyin nan ne ba su da kyau sosai."

"Na sani," in ji Bushira.

Ta shiga gida, ta ce wa gwaggonta in ya sake sallama a ce masa ba ta nan.