Mutum Biyu a Gindin Dabino

Nesma ta saki burushin zane, har jan fenti ya ɗiga a gyalenta.

"Basim, Ghada ta gaya wa Baba. Yana hanya."

"Ki nutsu, hasken idona..."

"Ta yaya zan nutsu? Cewa ta yi ba koyon zane ke kawo ni ba, kai ne."

Ghada 'yar baffanta ce, ita ma ta daɗe tana son Basim. Shi kuwa Alhaji Abdulwahab, mahaifin Nesma, ko sunan gidansu Basim ba ya son ji, tun rikicin iyakar gona da ya raba shi da amininsa Medhat, mahaifin Basim. Har Medhat ya rasu ba su shirya ba.

Tun girbin alkama Nesma ke zuwa ajin da Basim ke koyarwa a gidansu da ke garin Fayyum na ƙasar Masar, tana kwaikwayon wani zanen da marigayi Medhat ya yi: gona a bakin magudanar ruwa, sama ja kamar garwashi, dabinai sun karkace. Kullum sai Basim ya ce, "Kin cika tsoron burushi. Danna shi."

Aka banko ƙofa, sai ga Alhaji.

"Ɗauko jakarki!"

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

"A gidan Medhat? Duk garin nan kin rasa malami sai ɗansa?"

Basim ya miƙe. "Alhaji, ni da aure nake sonta."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?"

Alhaji ya juya zai finciko hannunta, sai idonsa ya sauka kan zanukan biyu, na Medhat da na Nesma. Ya tsaya cak. Gonar ce, wadda suka yi rikici a kanta. A gindin dabino ga mutum biyu zaune, butar shayi a tsakaninsu, ɗaya da rawani a karkace irin ɗaurin Alhaji.



"Yaushe ya zana wannan?" Muryar Alhaji ta yi ƙasa.

"Shekarar da ya kwanta ciwo, Alhaji. Ya so ya kawo maka, ya ji tsoron kar ka kore shi."

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya goge ido da gefen rawaninsa.

"Maƙaryaci. Hancina bai kai haka ba."

"Baba..."

"Ke ma kin biye masa, kin ƙara wa hancin tsawo." Ya nufi ƙofa, bai waiwayo ba. "Kai, ɗan Medhat. Ka turo baffanka ranar Juma'a."

Nesma ta bi shi da kallo har ya fita. Ta zauna a ƙasa, tana kuka tana dariya.