Jan Fenti a Bangon Marayu

Tun kafin ta ƙaraso kwanar gidansu Hindatu ta jiyo ƙarar kwano, irin ƙarar da yake yi in ana fizge shi daga jikin katako. Ta saki ledar maganin da ke hannunta ta zuba a guje. Samari ne a saman ɗakinsu, sanye da rigar 'yan sintirin unguwa, suna ɓanɓare rufin da mahaifinta ya ɗora da guminsa, suna wurgo shi ƙasa falle bayan falle. A tsakar gida kuwa ƙanwarta Khaula ce zaune bisa tabarma, yarinya ƙarama mai fama da ciwon sikila, ta rungume gwiwoyinta, ƙura na zubo mata a ka, ta ma kasa kukan. Allah sarki maraici!

"Baffa, don girman Allah ka ce su dakata," Hindatu ta ce, ta zube a gaban wani dattijo mai jar dara da ke tsaye a inuwa yana sakace. "Khaula kwanan nan aka sallamo ta daga asibiti. In sanyi ya taɓa ta ka san abin da zai biyo baya..."

"Ke dai ba ki san mai yi miki gata ba," in ji Alhaji Dallatu, ko kallonta bai yi ba. "In katafila ta zo, har kwanon za ta markaɗe. Taimakonki nake yi. Ba ki ga jan fenti ba ne?"

Ta gani mana. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a bangon gidan, layi biyu sun gitta juna, alamar da duk mazaunin gefen Abuja ya san fassararta tun kafin ya iya karatu: wannan gini na rushewa ne.

Gangaren Kanya unguwa ce ta masu neman na kansu, can bayan Gudu, inda kwalta ke ƙarewa keke mai ƙafa uku ya karɓi aiki. Malam Ɗanlami, mahaifin yaran nan, daga Zariya ya zo da kekensa na haya, ya yi ta tarin kuɗi har ya tsayar da ɗaki biyu a kwanar hagu ta mararrabar unguwar. Haɗari ya ɗauke shi a hanyar Apo, uwarsu ta bi shi kafin shekara ta zagayo. Hindatu ta zama uwa ta zama uba, tana dafa shinkafa da wake a tashar keke, da shi suke ci, da shi take sayen maganin Khaula. Dallatu kuwa ƙanin mahaifin ne, ciki ɗaya. Shi ke da jerin shagunan da ke kwanar dama, waɗanda suka yi gaba suka cinye rabin hanya. Shi ne shugaban tashar keke, shi ke cewa wane ya yi lodi wane ya jira, 'yan sintiri a hannunsa suke karɓar umarni, kuma shi ne wakilin unguwa a kwamitin majalisar yankin mai sa ido kan tsaro da sufuri da gyaran gari. Mutum ɗaya da hula uku, ina talaka zai kai ƙara?

Da majalisa ta yanke shawarar faɗaɗa mararrabar domin kekuna su sami wurin juyawa, kwana ɗaya tak aikin zai ci, ko ta hagu ko ta dama. Masu awo suka zo da ƙarfensu mai ƙafa uku, suka leƙa, suka auna, suka zabga jan fenti a bangon shagunan Dallatu, suka shiga mota suka tafi wani aikin. Duk unguwa ta gani. Hindatu da kanta ta tsallaka ta yi masa jaje, har da 'yar ƙwallarta, don ita a wurinta ɗan'uwa rabin jiki ne. Washegari ciwon Khaula ya tashi suka kwanta a asibiti. Ranar da suka dawo, bangon Baffa ya yi fari fes kamar an yi masa wankan salla, jan kuwa ya tsallako titi ya manne a bangon marayu.

"Kuskure aka yi da farko, majalisa ta gyara," haka ya shaida wa jama'a bayan sallar Juma'a. Aka yi tsit. Waɗanda suka ga abin da aka yi da tsakar rana suka zama makafi, domin duk wanda ya buɗe baki, gobe kekensa ba zai ga layi ba. Ni ban ga laifinsu sosai ba, ciki ba ya jin bari, amma wallahi shirun nan ya fi jan fentin ciwo.

Hindatu ba ta zauna ba. Ta goya zafin rana ta nufi sakatariyar majalisa, aka ce ta dawo gobe. Ta dawo, aka ce oga yana mitin. Ta sake dawowa, wani mai tausayi ya ce mata, "'Yar'uwa, koke daga unguwa ta hannun wakilin unguwa yake bi. Wane ne wakilinku?" Ta juya ta fita da hawaye, don wakilin ai Baffa ne. Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Da yamma 'yan sintiri suka dira a tasha, suka ce teburinta ya tare hanya, teburin da ya yi shekara da shekaru a wuri guda. Suka kifar da tukunya, shinkafa ta watse a ƙasa, awaki suka yi biki. Da ta riƙe ƙafar tebur tana roƙo, aka ce ta yi wa hukuma taurin kai, aka kulle ta a ɗakin ajiyar tasha tun la'asar har magariba, tana dukan ƙofa tana cewa, "Ku bar ni in ba ta magani, lokacinsa ya wuce... ku bar ni in ba ta in dawo ku rufe ni!" A gari kuwa aka baza cewa yarinyar ta fitsare, tana yi wa baffanta ƙazafi don ya hana ta yawon tasha.

Bayan cire rufin, 'yan kwanakin da suka rage a fili suka yi su. Rana ta gasa su, iska ta kaɗa su, Hindatu ta ɗaura zannuwan marigayiya uwarsu a kusurwa ɗaya don Khaula ta sami inuwa. Ba ta iya zama ba ta iya tsayuwa, ta fita ƙofar gida ta kalli jan nan, ta dawo ta taɓa goshin ƙanwarta, ta sake fita. Ga bazara ta kai maƙura, kullum gabas sai ta haɗa gira. Duk garin na roƙon ruwa, ita kaɗai ke ɗaga hannu tana cewa, "Ya Allah ka riƙe ruwan nan. Ya Allah kada ka sauko da shi a kan yarinyar nan, ba mu da inda za mu fake..."

"Yaya," Khaula ta ce mata wata safiya, muryarta can ƙasa, "in sun rushe, ina za mu kai hoton Baba?"

Hindatu ta juya baya don kada ta ga fuskarta. "Inda muka je nan zai je. Allah bai manta da mu ba."

Ranar rushewa katafila ta shigo da hantsi tana nishi, yara na binta. Ƙa'idar majalisa ce ba a taɓa gini sai shugaban kwamiti yana wurin, don haka Kansila Lucia ta zo da kanta, mace doguwa mai gilashi, wadda ba ta da mugunta amma ta saba jin unguwanni ta bakin wakilansu. Dallatu ya tarbe ta da babbar riga da lemo mai sanyi, yana nan-nan da ita. Dama an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Hindatu ta ratsa 'yan sintiri ta faɗi a gabanta. "Ranki ya daɗe, wallahi ba gidanmu aka shafa wa fenti ba. Ki tambayi jama'a!"

"Oga Dallatu, wannan yarinya me yake faɗa?" in ji Kansila da Hausarta ta 'yan Abuja.

"Madam, 'yar wana ce, tun rasuwar iyayen kanta ya ɗan taɓu. Ni nake ɗawainiya da su."

Kansila ta dubi jama'a, jama'a suka dubi ƙasa. Ta yi ajiyar zuciya ta ɗaga wa direban katafila hannu, wani mai suna Enoch, wanda aikinsa guda ne: inda ja yake, nan yake sa haƙori. Injin ya yi gurnani ya juyo... sai iska ta taso. Ledoji suka tashi sama, gari ya yi duhu kamar an rufe tukunya, tsawa ta tsaga gabas, ruwan farko na shekara ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Kowa ya ruga rumfar shagunan Dallatu ya fake, har da Kansila. Hindatu kuwa cikin gida ta faɗa, ta tarar da Khaula ta sandare tana kiran ƙafafunta, ruwa na dukanta ta ko'ina. Ta kwanta a kanta ta rufe ta da jikinta, tana kuka mai cin rai. "Ya Rabbi na roƙe ka ka riƙe shi... me muka yi? Ya Rabbi ita kaɗai ta rage mini!" Ta sunkuce ta ta fito titi ba ko takalmi, tana neman wanda zai kai su asibiti.

Abin da ta tarar ya tsayar da ita. Duk mutanen da ke rumfar sun zuba wa bangon gidanta ido. Jan nan mai ban tsoro yana narkewa, yana gangarowa layi-layi yana bin kwata, har bangon ya koma launin simintinsa. Fentin hukuma na mai ne, ruwan shekara goma ba ya motsa shi. Dallatu kuwa, da yake ko allura ba ta faɗuwa daga hannunsa, bai iya sayen gwangwanin fenti ba, jan garin da ake zuba wa daɓe ya sa aka dama da ruwa.

Enoch ya danna hon ya leƙo daga katafila yana nuni da hannu. "Madam! Fito ki duba bayanka!"

Kansila ta fito cikin ruwan ta waiga. Farar ƙasar da aka lafta wa bangon shagunan tana saɓulewa kamar dusa, don farar ƙasa ba ta kama jikin fentin mai. A ƙarƙashinta ga layi biyu sun gitta juna, jajur, suna sheƙi kamar yau aka shafa su. Araha dai ba ta ado.

"Ni fa fenti nake bi," in ji Enoch. "Wanda ruwa bai wanke ba, shi ne namu."

Wani tsohon direban keke ne ya fara magana. "Ranki ya daɗe, a gabanmu aka yi. Ɗanlami abokina ne, na ci amanarsa da shiruna." Sai bakuna suka buɗe gaba ɗaya, wannan na faɗin teburin da aka kifar, wancan na faɗin ɗakin da aka kulle Hindatu. 'Yan sintirin da suka dama jan garin da hannunsu suka fara nuna juna. Kansila ta cire gilashinta, ruwa da hawaye sun haɗu a fuskarta, ta karɓi Khaula ta sa a motarta, ta dubi Hindatu. "Yarinya, ka yafe mana. Ka zo ofis, mu ne ba mu ji ba." Nan take ta kira 'yan sanda, ta ce daga yau Dallatu ba wakili ba ne, ba shugaban tasha ba ne, kuma da hannun da aka cire rufin nan da shi za a mayar kafin rana ta faɗi.

Dallatu ya biyo motar, babbar riga ta jiƙe ta manne masa, dara ta faɗa kwata. Ya kama murfin ƙofa. "Hindatu, 'yata, ki sa baki. Ki tuna ni ƙanin mahaifinki ne..."

Ta dube shi, kan Khaula na bisa cinyarta. "Ni ban taɓa mantawa ba, Baffa. Kai ne ka manta."

Motar ta tashi, kekunan tasha suka jeru a gabanta suna buɗe mata hanya har asibiti. A bayansu katafila ta juya haƙoranta zuwa kwanar dama.

Khaula ta sha wuya, amma Allah ya tashi kafaɗunta. Ranar da suka dawo gida, mararraba ta yi faɗi, kekuna na juyawa a inda shaguna suke a da, teburin shinkafa yana nan a wurinsa an yi masa sabuwar ƙafa, majalisa kuma ta sa ranar da kowa zai zo ya faɗi kokensa da bakinsa. Da la'asar hadari ya sake haɗowa. Hindatu ta zabura don sabo, za ta nemi abin rufa, sai Khaula ta riƙo zaninta ta nuna mata sama. Ruwa ya sauka a kan kwano yana kiɗi, ko ɗigo bai shigo ba, hoton Malam Ɗanlami na rataye a ƙusarsa.

"Yaya, yau ma za ki roƙi a riƙe shi?"

Hindatu ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ɗauki bokiti ta kai bakin indararo. "A'a. Na bar wa Mai shi, ya fi ni sanin lokacin da zai sauko."