Hannun Rissa

A garin Tanut akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu. Yana aji shida a lakwal, wato makarantar boko. Ba abin da yake so kamar ya iya judo, wasan da ake kayar da abokin karawa ba tare da duka ba.

Mai koyar da judo a garin shi ne Malam Attahir, wani tsohon soja mai furfura. Yana koyarwa a ƙarƙashin rumfa, ranar Laraba da la'asar. Yaron ya je sau biyu. Duk sau biyun, faɗuwa kawai aka koya masa.

"Malam, yaushe za a koya mini kayar da mutum?"

"Sai ka iya faɗuwa, ɗana. Sake faɗuwa in gani."

Yaron bai koma ba.

Yayansa Ila yana da waya mai bidiyon ƴan judo. A cikin ɗaya, wani mutum ya kwantar da abokinsa, ya matse hannunsa tsakanin cinyoyinsa, ya ja shi baya. Nan take wasa ya ƙare. Yaron ya kalli wannan bidiyo sau arba'in. Ya ɗauki taɓaryar innarsa ya mai da ita hannun mutum, yana ta gwadawa a bayan ɗaki.

"Maido mini taɓaryata," in ji inna. "In koyo kake so, ga malami can a rumfa."

"Inna, malamin waya ya fi shi sauri."

Yaron yana da aboki mai suna Rissa, ɗan makiyaya. Zangonsu yana arewa da gari, a hanyar Tenhya. Duk ranar kasuwa, Rissa da mahaifinsa suna sauka a gidan su yaron. Mahaifin ya tsufa, bayansa yana ciwo. Don haka Rissa ne yake shayar da awakinsu a rijiya. Jaki ya jawo babban guga, shi kuma ya tarbe shi ya juye a kwami, inda awakin suke sha.

Wata ranar kasuwa, a tsakiyar bazara, yaron ya ja Rissa bayan ɗaki.

"Kwanta in nuna maka wani riƙo. In ka ji zafi, ka yi ihu, sai in sake ka."

Rissa ya yi murmushi. "Ihu? Mu a gidanmu ko kunama ta harbe ka, ba ka ihu."

"Yau za ka yi."

Rissa ya kwanta a kan rairayi ya miƙa hannun dama. Yaron ya matse shi, ya ja.

"Ka ji zafi?"

Rissa bai ce komai ba.

Yaron ya ƙara ja. Shiru. Ya ƙara. Sai ya ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Ya saki. Rissa ya cije leɓe, gumi ya rufe masa fuska. Hannunsa yana kwance a karkace. Har a lokacin bai yi ihu ba.

Aka kai shi wurin likita. Likita ya ce gwiwar hannun ce ta goce. Ya mayar da ita, ya ɗaure.

"Sati shida ba zai ɗauki komai ba," in ji likita. "Ko hannun zai miƙe sosai, sai ranar da muka kwance za mu sani."

Mahaifin Rissa bai yi faɗa ba. Ya gyara rawaninsa, ya daɗe yana kallon ƙasa.

Da suka koma gida, baban yaron ya kira shi.

"Jibi za a fara hutun lakwal. Za ka bi su zango, ka shayar da awakin."

"Baba, ban yi da gangan ba."

"Na sani. Amma ƙishirwa ba za ta jira hannun Rissa ya warke ba."

Yaron ya yi sati biyu a bakin rijiya. Ya sha ganin Rissa yana juye guga, ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar farko gugan ya suɓuce masa, ruwa ya malale a ƙasa, awaki suna kuka. Rissa yana zaune a gindin aduwa, hannunsa a rataye.

"Ba haka ba," in ji Rissa. "Ka russuna kaɗan. Ka kawo gugan jikinka kafin ka juya."

"Haka?"

"Ƙafarka ta hagu ta yi nisa. Matso da ita."

Ya matso da ita. Ruwa ya shiga kwami. Tafin hannunsa ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya warke. Kullum in ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka a kan farin ƙyallen da ke hannun abokinsa.

Da hutu ya ƙare, wani ɗan'uwan Rissa ya zo daga Belbeji ya karɓi aikin. Baban yaron ya karɓi wayar Ila, ya kama hannun yaron, suka je rumfar Malam Attahir. Malam ya saurari labarin. Ya kalli bidiyon sau ɗaya.

"Sake kunnawa," ya ce. "Wannan karon kada ka kalli wanda ya yi nasara. Kalli ɗayan hannun wanda aka riƙe."

Yaron ya kalla. Can a gefen hoton, hannun ya bugi ƙasa sau biyu. Nan take aka sake shi.

"Wannan bugun, ma'anarsa 'sake ni'," in ji Malam. "Mu ba ma jiran ihu. Akwai yaran da ba za su taɓa yin ihu ba."

Idon yaron ya cika da hawaye. "Malam, sau arba'in na kalla. Ban taɓa ganinsa ba."

"Waya ba ta ce maka duba nan ba. Ba ta ga fuskar abokinka ba, balle ta ce maka tsaya. Wannan riƙon ba na koya wa yaro, sai ya girma a hannuna. Za ka dawo?"

"Zan dawo."

"To, faɗuwa za mu ci gaba da ita."

Ranar da sati shida suka cika, yaron ya raka Rissa wurin likita. Aka kwance ƙyallen. Hannun ya rame, ya yi fari. Likita ya ce a miƙe shi a hankali. Rissa ya fara miƙewa. Ya tsaya a rabi, ya numfasa. Ya ci gaba, har hannun ya miƙe sak.

"Alhamdu lillahi," in ji mahaifin Rissa.

Bayan wata biyu, Rissa ya kwana a gari don ya ga rumfar. Malam ya nuna masa bugun ƙasa. Rissa ya sunkuyar da kai.

"Malam, wannan ba tsoro ba ne?"

Malam Attahir ya kira Asiya, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin. Ya kwanta, ya ce ta danne masa kafaɗa. Ta danne da duk ƙarfinta. Tsohon ya bugi ƙasa sau biyu a gaban kowa. Ta sake shi.

"Shekara ashirin da biyar na yi a soja," ya ce yana tashi. "Ka ga wani abu ya ragu a jikina?"

Rissa ya kwanta. Yaron ya dafa kafaɗarsa a hankali, idonsa a kan hannun dama na abokinsa. Hannun ya ɗaga, ya bugi ƙasa sau biyu. Yaron ya saki tun kafin bugu na biyu ya sauka. Suka yi dariya tare.

Yara, waya tana nuna muku abu, amma ita ba ta ganinku. Duk abin da zai iya cutar da wani, ku koye shi a gaban malami mai ido da zai ce muku tsaya. Kuma kafin ku koyi riƙewa, ku koyi sakewa.