Wuyan Kwalbar da Arzella Ta Fasa

Wata Laraba da almuru, bayan an tashi daga tsinkar auduga, Cleophus Tolliver yana zaune a barandar gidansa da ke gaɓar kogin Sunflower, a Mississippi, yana koya wa 'yarsa Arzella kiɗan jita. Shi kam rabonsa da kiɗa shekara shida, tun ranar da injin gurzar auduga ya cinye masa yatsu uku na hagu. Kunnensa dai yana nan garau. Ya sassauta wa jitar tsirkiya uku cikin shida, har ya zamana ko ba ta danna komai ba, in ta shafa duka shidan sai su amsa baki ɗaya.

"Haka ake ɗaure ta don buluz, waƙarmu ta kukan zuci," in ji shi. "Saura abin da za ki riƙa gogawa a kan tsirkiyar, ta yi kuka."

Arzella ta zaro wuyan kwalba shuɗi daga aljihu, ta zura a ƙaramin yatsanta. Cleophus ya dube shi, sannan ya dubi busasshen itacen da ke tsakar gida, wanda kakarsa ta sossoka wa shuɗɗan kwalabe don kama iskokin da ke yawo. Reshe ɗaya ba kwalba.

"A ina kika samo wannan?"

"Kwalba ce kawai, Baba."

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Kwaɗin kogi suka yi tsit. Dutse na biyu ya gangaro ya tsaya a gaban Cleophus. Da ya ɗauka, sai ya ji shi jiƙe, kuma da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

Daga ranar, rana ba ta faɗuwa sai da jifa. Jitar tana rataye a bango, a ji ta tana nishi ita kaɗai. Wata murya kuma takan taso daga ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki, tana rera waƙar da Arzella ke koyo. Luvenia, uwar yarinyar, ta ce a jefa jitar a wuta. Arzella ta rungume abarta ta ce sai dai a haɗa da ita. Ta ci gaba da koyo ana jifa, hannunta na zarce wurin da ya kamata ya tsaya, uban yana gyara mata.

A yammaci na bakwai hannun bai zarce ba. Kiɗa ya fito daga jitar irin wanda Cleophus bai taɓa ji ba, shi da ya yi wasa a garuruwa har Memphis. Abin da ya daɗe yana jin kunyarsa daga baya shi ne, daɗi ya fara ji kafin tsoro. Sai da ya ɗaga kai ya ga idanun 'yarsa sun juye, fari kawai, kuma muryar namiji ce ke fita daga bakinta.

Washegari aka ɗauko Goggo Hester, tsohuwar da ta haddace Zabura kuma ta san kowace saiwa a dajin nan. Ta zagaye barandar da gishiri da garin jan bulo, ta zauna tana karatu a hankali har rana ta yi ja. Arzella ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji Goggo Hester.

"Shekara arba'in ina cikin kwalbar nan," in ji muryar. "Yarinya ta buɗe min, ni kuma na san alheri. Ba jikinta duka nake so ba. Ku bar min hannun hagu kawai." Fararen idanun suka juyo kan Cleophus. "Kai ka ji jiya. Abin da inji ya raba ka da shi, zan dawo maka da shi cikin gidanka."

Cleophus ya dubi dungulmin hannunsa. Luvenia ta fara kuka.

"Na ji," in ji Cleophus. "Ka iya kiɗa, ba ƙarya. Amma na san yadda mutum ke rayuwa da hannun da ba nasa ba. 'Yata ba za ta yi ba."

Aljanin ya yi dariya. Goggo Hester ta ɗaga murya da karatu, ta jawo wata sabuwar kwalba ta ajiye a gabansa. Dariyar ta yanke.

"Ban da kwalba," ya ce. "Ga sharaɗi. Zan sake ta, ta kaɗa waƙar da kanta. In ta kai ƙarshe, na bi kogi, ba ni ba gidan nan. In ta tsaya, hannun nawa ne."

"Ba a ciniki da irinku a kan jikin mutum," in ji Goggo Hester.

Amma idanun Arzella sun riga sun dawo, kuma da muryarta ta yi magana. "Na ji shi, Goggo. Hannuna ne. Na yarda."

Ta fara. Kiɗan ya fito da ɗingishi, wuyan kwalbar na ƙara a kan tsirkiya. Jifa ya ɓarke kamar ƙanƙara. Dutse ɗaya ya fasa mata gira, jini ya sauko mata a ido, ba ta share ba. Ta yi kuskure, muryar ta sheƙe da dariya daga ƙarƙashin katako. Cleophus ya durƙusa kusa da ita, yana buga mata lokaci da dungulminsa a ƙasa.

"Kada ki koma gyara. Wuce kawai."

Ta wuce. A kan sautin ƙarshe wuyan kwalbar ya rabe biyu a yatsanta. Wata iska mai ɗumi ta fita daga barandar, ta bi ta cikin gonar auduga tana kwantar da ita, ta nufi kogi. Goggo Hester ta tsince gutsattsarin a ƙyalle ta bi bayan iskar zuwa kogi, ba ta waiwayo ba.

Luvenia ta kawo ruwa tana wanke wa 'yarta fuska. Cleophus ya so ya faɗi wata babbar magana, bakinsa ya kasa.

"Kin yi kuskure wuri huɗu," abin da ya iya cewa ke nan.

"Biyar ne," in ji Arzella. Ta miƙo masa hannu. "Ba ni wuƙar aljihunka, Baba, in goga wa tsirkiyar a madadin kwalbar. Mu sake daga farko."