Abin Da Aka Binne A Titin Jirgi

"A tare ta! Don Allah a tare ta!"

Jiniyar filin jirgin ta ɗauki kuka, ma'aikata suka watso daga ofisoshi. Rana tsaka, kwalta na tururi, ga wata budurwa durƙushe a tsakiyar titin da jirage ke sauka, tana tonon kwaltar da farcenta. A sama wani ƙaramin jirgi ya riga ya sauko da tayoyinsa. Mutumin da ke cikin hasumiya yana ta ihu a rediyo, "Koma sama! Akwai mutum a titi!"

Wanda ya fi kowa gudu shi ne Injiniya Abdurrahim, ɗan kwangilar da ya shimfiɗa titin. Hularsa ta faɗi, babbar riga na harɗe masa ƙafa. 'Yarsa ce ta fari.

"Ummi! Ummi!"

Ko waiwaye ba ta yi ba.

Mai karatu, bar shi yana gudu. Zo in gaya maka yadda aka yi aka zo nan, don ni na san gidan tun suna haya a wani lungu na Unguwar Shanu.

Abdurrahim ya tsufa a ofishin gwamnati yana zana ayyukan da wasu ke ci. Matarsa Balaraba malamar firamare ce. 'Ya'yansu uku: Kabir, Lubna, sai babbarsu, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa marigayiya, Nusaiba. Ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan uwa, don haka tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan ba. Ummi kawai. Ita ma ta mai da abin wasa.

"Abba, ranar ɗaurin aurena ya za ka yi in liman ya tambaye ka sunan amarya?"

"Ai shi ya sa aka yi waliyyi, ja'ira. Tashi ki kawo min ruwa."

Akwai wani ƙaramin filin jirgi a arewacin gari da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Titinsa duk ramuka, fitilun gefe sun mutu, shingen waya ya ɓule har shanu na shiga kiwo. Da aka ce za a ba da kwangilar gyaransa, Abdurrahim ya ajiye aiki ya buɗe kamfani. Sai ya tarar manya sun riga shi layi. Abokinsa Sambo, tsohon ɗan kwangila, ya dube shi ya yi dariya.

"Injiniya, kai fa har yanzu yaro ne. Wa ya ce maka takarda ke cin kwangila? Samo ɓallin tsohuwar kwaltar wurin, gobe da hantsi in kai ka inda ake sa hannu na gaskiya."

Wurin wani tsohon rami ne a bayan gari inda tifofi suka daina ɗibar jar ƙasa. A ƙasan ramin akwai bukka, rufinta ruɓaɓɓen kwano. Waje rana na dukan ƙeya, amma ciki sanyi kamar randa. An jera ƙoƙunan kan awaki a bango, an rataye jan ƙyalle da ya yi baƙi da jini, wurin na wari irin na ƙasar kabari in an yi ruwa. A tsakiya ga wata baƙar tukunya mai ƙaramin baki. Bokan da ke wurin kuwa siriri ne, da farar riga tsaf da agogo a hannu, ka ce magatakarda ne.

Ya karɓi ɓallin kwaltar ya shinshina, ya jefa a tukunya. Ba a ji ƙarar faɗuwarsa ba.

"Aikin naka ne," in ji shi. "Amma ƙasar can tana numfashi ta ramukan da kake son toshewa. Ka rufe mata hanci, za ta nemi numfashi a gidanka."

Abdurrahim ya ja da baya. "Ni ban zo ba da jinin kowa ba."

"Wa ya tambaye ka jini, ɗan boko? Sa bakinka a tukunyar nan ka kira mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya, da sunan da aka yanka musu rago. Wanda ka kira, ba ta taɓa shi."

"Shi ke nan? In na kira kowa fa?"

"Sai ta haƙura."

"To kai mene ne ribarka?"

Bokan ya gyara agogonsa. "Kira dai."

Abdurrahim ya durƙusa. Ya kira kansa, ya kira Balaraba, ya kira Kabir, ya kira Lubna. Da ya zo kan babbar, harshensa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da ya yi shawara da shi ba. Ya ce, "Da Ummi."

"Ka gama?"

"Na gama."

Bokan ya liƙe bakin tukunyar da danƙo, ya ce a binne ta a tsakiyar titin kafin a zuba kwalta. Murmushin da ya yi a lokacin, Abdurrahim ya ɗauka na fatan alheri ne.

Kafin wata ya mutu manyan nan duk sun janye, kowa da dalilinsa. Katafila ta shiga fili, tifofi na kai da komo. Aka tashi daga Unguwar Shanu zuwa gida mai bene a Kurmin Mashi. Balaraba ta je Makka, Kabir ya samu mota, Ummi ta shiga makarantar koyon jinya da ta daɗe tana mafarki. Mutanen da ba sa amsa sallamarsa suka koma zuwa gaishe shi da sassafe.

Ranar da rola ta fara danne sabuwar kwalta, Ummi na cikin kicin tana yanka albasa. Sai wuƙar ta faɗi. Ta dafe ƙirji.

"Umma, ana danne ni."

Likitoci suka ce asma ce. Aka sayo abin shaƙa, aka sayo tukunyar iska, babu sauƙi. Duk sa'ar da rola ta tashi aiki a can, sai yarinya ta shiɗe a nan. Da aka gama titin jirage suka fara sauka, sai abin ya koma kanta. Takan kwanta a kan tayil ta manna kunne da ƙasa, ta ce akwai wata a ciki tana roƙon a buɗe mata taga. Ta rame har zoben hannunta ya zame. Balaraba ta kira Malam Ubaidullah, mai makarantar allo a tsohuwar unguwarsu. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ja Abdurrahim gefe.

"Alhaji, abin da ke kan yarinyar nan da ƙafar wani ya shigo gidan. In ka san wani abu, ka tuba tun tana da rai."

"Haba Malam, ni kuma me zan sani?"

Amma washegari yana ramin jar ƙasa, yana huci.

"Ka cuce ni! Na kira ta!"

"Me ka ce?" in ji bokan.

"Na ce Ummi."

"Kowane gida a Kaduna akwai Ummi. Da wannan aka yanka mata rago?" Ya girgiza kai. "Irinku na fi so, masu kunya. Ban taɓa tilasta wa kowa ba."

Abdurrahim ya zube ƙasa. "Bari in kira yanzu."

"Tukunya ta rufu. Sai dai ka fasa kwaltar ka ciro ta. Yarinya ta tashi, arziki ya koma inda ya fito."

A nan ne, mai karatu, zuciyata ba ta iya yafe masa. Yana da katafila, yana da leburori, ba wanda zai hana injiniyan aiki ya ce ya ga matsala a titinsa. Amma ana gab da sa hannu a kwangila ta biyu, ta fitilu da shinge da magudanar ruwa, wadda ta ninka ta farko. Wa zai ba da ita ga wanda ya farfasa aikinsa da hannunsa? Ya ce a ransa, bari a sa hannu tukuna, sai in yi dabara. Ya shiga ɗakin Ummi da dabino da zamzam. Ta kama hannunsa, numfashinta na fita da ƙyar.

"Abba, zan warke kuwa?"

"Kwana kaɗan ya rage, Ummi."

Ranar sa hannun, a ofishin filin jirgin, biro na hannunsa jiniya ta tashi. Ummi ta sulale daga gida tun safe, ta tari Keke Napep, ta shiga ta inda shingen ya ɓule. Ba wanda ya taɓa nuna mata wurin, amma daidai kan tukunyar ta durƙusa.

Jirgin ya yi sama da ƙara, iskarsa ta kayar da mutane. Abdurrahim ya tashi ya ci gaba da gudu. Ya ga yatsunta duk jini. Ya kira Ummi har maƙogwaronsa ya tsage. Sai ya tsaya cak, ya buɗe baki a gaban leburori da 'yan kwana-kwana da manyan baƙi.

"Nusaiba!"

Ta ɗago. Idanunta suka dawo daidai, irin na yarinyar da ke tsokanarsa a Unguwar Shanu. Ya rungume ta a kan kwalta mai ƙuna.

"Abba," ta ce a hankali, "ashe daɗi gare shi a bakinka. Sake faɗa."

Ya sake. Ya yi ta faɗa. Bai san lokacin da ta daina ji ba.

A wurin wankan gawa ne Balaraba ta ji gaskiya, domin Abdurrahim yana bakin ƙofa yana sambatu, yana faɗin komai. Tsafin bai taɓa ta ba, ai ya kira sunanta. Baƙin ciki ne ya yi aikinsa. Yau tana gidan yayanta a Abakpa, kullum tana goge farar rigar jinyar Ummi tana cewa yarinya za ta makara. Kabir ya ajiye makullin mota ya bar garin. Lubna ba ta ƙara kallon fuskar ubanta ba. Damina ɗaya titin ya dare gida biyu, aka soke kwangila, aka karɓe gidan.

Ku masu ganin talauci ya ishe ku, ku dubi mutumin nan. Boka bai ƙwace masa komai ba. Sau biyu aka ajiye masa 'yarsa a gabansa, na farko ya yi kuskure, na biyun kuwa da idonsa a buɗe ya zaɓa. Wanda duk ya kai kwaɗayinsa ramin tsafi, da abin da ya fi so zai biya.

Yanzu Abdurrahim a shagon wani maƙwabci yake kwana, a tsohon lungunsu. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, yana zaune a kan tabarma, wata baƙar mota ta tsaya. Wani mutum da bai taɓa gani ba ya fito, shadda na ƙyalli, takalmansa kuwa jawur da jar ƙasa.

"Kai ne Injiniya Abdurrahim? Sunana Jibrin. Ni ke neman aikin sake titin can."

"Ka koma gida," in ji Abdurrahim. "Don girman Allah ka koma gidanka."

"Ai daga wurin mutumin nake." Jibrin ya buɗe masa ƙofar mota. "Ya ce ba zai taɓa aikina ba sai na zo da kai. Wai ƙasar ba ta ƙoshi ba, kuma akwai sauran magana tsakaninku."