Akwatin Batirin Malam

Tsohon malamin makarantar ya shigo caji ofis idanunsa jawur, ya ce a kama masa mai shagon kayan wuta. Ya sayi akwatin batir don ya riƙe masa kwamfuta in an ɗauke wuta. Jiya yana cikin kwafe hotuna da muryar marigayiya matarsa wuta ta tafi, batirin ya yi ƙara ɗaya ya mutu, komai ya lalace. Masu gyara sun ce ba ya dawowa.

"Ko wane ne, a ɗaure shi," in ji shi.

Sufeto ya sha jin wannan magana, ya kuma sha ganin masu yin ta suna da-na-sani. Ya tashi ya bi shi gida.

A ƙarƙashin tebur ya ga akwatin, ɗan mitsitsi, amma shatin da ke kan kafet ya ninka shi. Malam bai taɓa lura ba, gwiwa ta daɗe da hana shi durƙuso. Abin da yake tunawa kawai shi ne marigayiya kan ɗora kofin shayinta a kai, yana ta yi mata faɗa.

Da Sufeto ya kai wa mai shagon akwatin, sai ya juya shi, ya taɓe baki. Ya ce shi sai da ya lissafa kwamfuta da allonta da firinta, ya ƙara sarari, sannan ya ba da babba, wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Wannan kuwa ko fitila da ƙyar zai riƙe.

"Wa ya ɗaukar wa Malam kayan?" in ji Sufeto.

"Autansa, mai aski."

Layin shagon Auta babu wuta, amma injin aski na ta kuka, fanka na juyawa. Da Sufeto ya nuna babban akwatin batirin da ke ba su wuta, Auta ya ce nasa ne, ya saya a kasuwa.

"A wane shago?"

"Na manta, ranka ya daɗe."

Sufeto ya janye tawul ɗin da aka rufe akwatin da shi. Ga zoben gindin kofi nan a kan murfin. Ya sa aka kira Malam.

Auta ya zube ƙasa. "Baba, ni na musanya. Na ga kwamfuta ɗaya ce, na ce ƙarami ya ishe ka. Wallahi ban san da firinta ake lissafi ba."

Malam bai dube shi ba. Yatsansa na kan zoben, yana shafawa.

Takaici ya cika Sufeto. Ya tambayi Malam a hankali ko zai janye ƙara.

"Zai dawo mini da muryarta?"

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa wa Auta ankwa, suka fita. Malam ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa, ya kasa ɗaga shi, kuma babu wanda zai ce wa ya kama masa.